Karatun Safe na Kowa, Karatun Yamma na Mai Kuɗi

Duk wanda ya tashi a gindin Dutsen Kwatarkwashi ya san halin inuwa. Da hantsi tana wannan gefe, in rana ta karkata ta koma wancan, kuma ko yaro ya san ba ita ke juya kanta ba. To, ashe masana harkar ilimi ma da inuwa suka kwatanta karatun nan da muke kira lesin, wato ƙarin darasin da ake biyan kuɗi a yi wa yaro bayan an tashi makaranta, ko ranar Asabar da Lahadi, ko lokacin hutu. Dalilinsu shi ne lesin makaranta yake bi sau da ƙafa. In an canza manhaja ya canza, in an sauya salon jarrabawa ya sauya, in makaranta ta bar giɓi nan yake zama.

Mutumin da ya fi kowa yayata wannan suna wani Bature ne ɗan Ingila, Mark Bray, kuma ba baƙon ƙasar nan ba ne. Ya koyar a sakandare a Nijeriya, ya kuma wallafa littafi a 1981 a kan yadda shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, UPE, ya gudana a Jihar Kano. A 1999 cibiyar tsara ilimi ta UNESCO da ke Paris ta buga nazarinsa a kan ilimin inuwa, a 2021 kuma ya fitar da wani a kan Afirka kaɗai. Abin da binciken nasa da na wasu ya yi ta nunawa daga ƙasa zuwa ƙasa bai wuce abin da idonmu ke gani ba. 'Ya'yan masu hali sun fi samun lesin, kuma nasu ya fi inganci. Birni ya fi ƙauye. Kasuwar ta fi ci idan babbar jarrabawa ta gabato. Inda kuma malamin aji ne da kansa yake karɓar kuɗin lesin daga ɗalibansa, akwai haɗarin ya rage mudu da safe domin a zo a sayi cikon da yamma.

Maganarmu a nan ita ce: an raba karatun 'ya'yanmu gida biyu ba tare da an yi shela ba. Na safe na kowa ne, shi ake kira kyauta. Na yamma na mai kuɗi ne, kuma shi ne mai buɗe ƙofar jami'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Dokar tana nan ba a soke ta ba, sai dai an kwashe naman an bar mana romo.

Mu ɗauki yara biyu, dukansu a ajin ƙarshe na sakandare. Ɗaya ɗan ma'aikaci ne a Tudun Wadar Gusau, ɗaya ɗan manomi ne a Tazame ko Sankalawa. Na farko in an tashi makaranta zai ci abinci ya huta, bayan La'asar ya tafi lesin lissafi da Turanci da kimiyya. Ranar Asabar yana gaban kwamfuta yana gwada tambayoyin JAMB na shekarun baya, agogo na ƙirga masa lokaci. Idan wani abu ya shige masa duhu, akwai wayar yayansa da data a ciki. Na biyun in an tashi, gona ke jiransa in damina ce, in rani ne kuma ɗiban ruwa ko kiwo ko dako a kasuwa. Malamin fiziks ɗin da ya kamata ya koyar da shi wataƙila ya nemi canjin wurin aiki ya koma birni saboda tsoron hanya. Daga Kwatarkwashi zuwa Gusau tafiya ce ta ɗan lokaci a mota, amma kuɗin zuwa da dawowa kullum, tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ya fi ƙarfin gidan da ke auna hatsin tuwon dare da gwangwani. Ko an samu kuɗin, wane uba ne zai bar ɗansa a kan titin Gusau zuwa Tsafe bayan Magariba?

Idan yarinya ce, sai a ƙara mata wanke-wanke da raino da talla, a ƙara da fargabar uwa. A gidan da kuɗin lesin mutum ɗaya kawai za a iya biya, mun san wanda ake zaɓa.

Waɗannan yara biyu rana ɗaya za su shiga ɗakin jarrabawa, tambayoyi iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. Idan sakamako ya fito sai mu ce wancan yaro ne mai ƙoƙari, wannan kuwa ba ya ja. Wannan hukunci zalunci ne. An sa mai doki da mai ƙafa tsere, sannan an zauna ana yabon saurin mai doki.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ba ma faɗa da kwamfuta, ta rage satar amsa, ta hanzarta sakamako. Tambayarmu ita ce, ina yaron makarantar gwamnati a ƙauye zai koyi riƙe linzaminta? Da yawa ranar jarrabawa ce ranarsu ta farko a gabanta, hannu na rawa, minti goma na farko su tafi a neman inda ake dannawa. Mai lesin ya wuce wannan mataki tun watanni baya. A jarrabawar 2025, cikin kimanin mutum miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A fagen da maki 200 ya zama abin nema haka, 'yan makin da sabo da na'ura ke ƙarawa su ne ke raba mai shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau da mai komawa gida ya jira baɗi. Ga shi kuma gwamnatin tarayya ta bayyana niyyar mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta su ma. In an yi haka kafin a kai na'ura da wuta makarantun karkara, masu cibiyoyin lesin aka yi wa kasuwa.

A Zamfara wannan rabo ya fi muni, domin makarantar safen ma ba kullum take buɗe ba. A Maris na 2020 korona ta rufe makarantun ƙasar nan na tsawon watanni. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sake ɗibar ɗalibai sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu. A duk tsawon wannan lokaci, wa ya ci gaba da karatu? Wanda ubansa ya ɗauko malami har gida, da wanda aka tura Zariya ko Kaduna ko Abuja. Ɗan talaka ya zauna, abin da ya koya ya zube, aka buɗe makaranta aka tura shi aji na gaba kamar ba abin da ya faru. A 2022 kuma hukumar WAEC ta bayyana cewa Sakkwato da Zamfara ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati ba. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi ya yi masa rajista. Marar hali ya ga shekarar ɗansa ta wuce ta gabansa.

Mun san gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, ta sanar da biyan bashin WAEC da NECO, an kuma gyara gine-ginen makarantu da dama. Ba za mu hana a yaba ba. Amma fenti ba ya koyar da lissafi. Ajin da aka sa wa sabon kwano, in ba malamin da zai kammala manhaja a cikinsa, yaran da ke ciki lesin za su nema, wanda ba shi da kuɗi kuma ya rungumi ƙaddara.

Za a ce mana arziki na Allah ne, kuma kowane uba yana da ikon kashe kuɗinsa a kan ɗansa. Haka ne. Ba mu ga laifin uwar da ta sayar da akuyarta ta biya wa ɗanta lesin ba, abin jinjina ce. Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu suna biya, mu ma masu rubutawa muna biya. Laifin yana kan tsarin da ya sa sai an sayar da akuya kafin yaro ya san abin da aka ɗauki malami albashi ya koya masa. Ƙididdigar talauci ta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta sa kusan mutum takwas cikin goma na Zamfara a sahun matalauta. A irin wannan jiha, duk abin da aka ɗora wa farashi an hana wa mafi yawan jama'a ke nan. Kuma a daina fakewa da ƙaddara. Allah ne ke raba basira, kuma bai ware ta ga unguwannin ma'aikata ba. Mu ne muka raba damar amfani da ita.

Za a ce kuma, malamin ya ci me? Wannan tambaya ce mai nauyi. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019, sai a 2024 aka fara biyan sa a Zamfara, shekarar da ƙasa ta koma naira 70,000. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata dole ya nemi abin yi da yamma, kuma gara ya koyar da ya yi acaɓa. Matsalar tana farawa ne lokacin da ɗaliban ajinsa suka zama abokan cinikinsa. Wata masaniyar tattalin arziki, Seema Jayachandran, ta yi nazari a ƙasar Nepal ta wallafa a 2014. Ta gano cewa a makarantun da malamai ke sayar wa ɗalibansu lesin, koyarwar cikin aji tana raguwa, kuma 'ya'yan talakawan da ba sa iya biya su ke kwana ciki a jarrabawa. Ba sai mun je Nepal ba. Wa bai taɓa jin an ce wa yara "sauran bayanin sai a lesin" ba? Wa bai ga tambayoyin gwajin ƙarshen zango sun yi kama da abin da aka yi ranar Asabar ba? Malamin da ya yi haka ya sayar da abu ɗaya sau biyu: gwamnati ta biya shi da safe, uba ya biya shi da yamma, yaron da ubansa bai biya ba ya tashi a tutar babu. Ba duk malamai ke yi ba. Mun san waɗanda ke tara yara a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi ba su karɓar ko sisi, kuma saboda mutuncin irinsu ne ya kamata a tsawata wa sauran.

Daga nan gangara ɗaya ce zuwa abin da ya fi muni. Uban da ya saba cewa maki da kuɗi ake samu, ba wuya a ce masa ya ƙara kaɗan a kai yaron makarantar da ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. Lesin na gaskiya da satar amsa ba ɗaya ba ne, amma tsoro ɗaya ke kai mutane ga dukansu, wato tsoron cewa makarantar safe ba za ta fitar da yaro ba.

Wasu kuma za su ce ai an tausaya mana, ana rage wa 'yan jihohinmu makin shiga makarantun tarayya. A jadawalin 2013 da jaridu suka yi ta yayatawa, an nemi maki 139 daga ɗan Anambra, ɗan Zamfara namiji maki 4, mace maki 2. A 2018 kuma aka wayi gari yara 28 kacal jihar ta yi wa rajistar wannan jarrabawa kafin a yi surutu. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, gurbin da aka rage wa maki, ɗan wa ke shiga? Ɗan wanda ya san an buɗe rajista, ya san inda ake sayen fom, ya kuma biya lesin share fage. Sunan ɗan ƙauye ake karɓo rangwamen da shi, ɗan birni ke cin moriyarsa.

To a hana lesin mana kowa ya huta? Masu ƙarfin da ya fi namu sun gwada. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, ya koma ɓoye, masu kuɗi suka ci gaba da yi a asirce, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. A 2023 iyayen ƙasar sun kashe sama da won tiriliyan 27 a kansa. Sin ta hana kamfanoni cin riba da lesin manyan darussa a Yulin 2021, manyan kamfanoni suka durƙushe, malamai suka koma bin gidaje, farashi ya hau. Kenya ta sa haramcin karatun hutu a dokarta ta 2013, aka canza masa suna aka ci gaba. Ba a share inuwa da tsintsiya. Hani kaɗai talaka yake kora daga kasuwar, ya bar ta ga wanda zai iya biyan kuɗin ɓoyo.

Abin da bincike ya nuna yana aiki shi ne a juya lesin ya fuskanci wanda aka bari a baya. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta ɗauki 'yan matan unguwa da suka gama sakandare, ta ba su ɗan horo, suka riƙa zama awa biyu kullum da yaran aji uku da huɗu waɗanda ba su iya karatu da lissafi ba, a biranen Vadodara da Mumbai. Sakamakon da aka wallafa a 2007 ya nuna yaran sun ci gaba, kuma mafi rauni su suka fi amfana. Biyu daga cikin masu binciken, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 2019. Wannan salo na koyar da yaro daga inda ya tsaya an gwada shi a Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. A nan Zamfara ma an yi shirin RANA na koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Abin ba sabo ba ne a wurinmu, riƙewa ce ba mu yi ba.

Hasali ma mun riga Indiya sanin wannan. 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe gari ne da almajirai suka riƙa nufa daga nesa tun kafin jihadi. Malamin zaure bai taɓa rufe littafi don ɗalibi bai zo da kuɗi ba. Kuɗin Laraba abin da ya sawwaƙa ne, kuma ba mu taso muka ga an wanke allon yaro an kore shi don uwarsa ba ta samu ba. Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka su kai wa mata karatu har inda suke. Jikokin waɗannan mutane ne yau suke tsayar da yaro a ƙofar aji ana duba sunansa a takardar waɗanda suka biya. Abin kunya ne, kuma namu ne.

Ga abin da muke nema, kuma ba wanda ya fi ƙarfin jihar nan a ciki.

Ma'aikatar ilimi da hukumar SUBEB su fito da doka a rubuce: malamin gwamnati ba zai karɓi kuɗin lesin daga yaron da yake koyarwa a aji ba, kuma ba za a yi lesin kuɗi a cikin ginin makarantar gwamnati ba. Ya koyar da wasu yaran a wani wuri in yana so. Amma dokar ta zo tare da albashi a kan lokaci da alawus na musamman ga mai koyarwa a karkara, in ba haka ba an ɗaure akuya ne an hana ta ciyawa.

A buɗe darasin yamma kyauta a makarantun gwamnati, a fara da 'yan ajin jarrabawa da yaran firamaren da ba su iya haɗa baƙi ba, a tashi kafin La'asar sakaliya domin kowa ya isa gida da rana. Masu koyarwa suna nan: ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Maru da ta Tarayya da ke Gusau masu neman wurin gwajin koyarwa, masu hidimar ƙasa, da matasanmu masu NCE da digiri da ke zaune a majalisa ba aiki. A ba su ɗan abin sabulu. Jihar da ke da hukumar zakka da waƙafi ba ta rasa inda za ta samo wannan ba.

Kowace ƙaramar hukuma ta samu ɗakin kwamfuta mai hasken rana inda ɗan makarantar gwamnati zai gwada jarrabawa kyauta, sau da yawa, kafin ranar. Bungudu da Tsafe ba su gaza wannan ba. 'Yan majalisar da ke raba fom ɗin JAMB ana ɗaukar hoto su sani fom ba tare da shiri ba tikitin faɗuwa ne.

A riƙa buga sakamakon WAEC da NECO makaranta bayan makaranta, a manna a ƙofar kowace, domin uba ya san abin da ake yi da ɗansa. Malaman sashen ilimi na Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma, ga bincike a bakin ƙofarku: ku shiga Gusau da Bungudu da Tsafe ku ƙirga mana yara nawa ke lesin, nawa ake biya, wa ke koyarwa, mata nawa ne a ciki. Ku rubuta da Hausa yadda mai unguwa zai karanta.

Saura mu. Masarauta da limamai da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan Kwatarkwashi mazauna Abuja da Kaduna da Legas, kuɗin da ake tarawa a yi walimar naɗin sarauta ɗaya zai riƙe ajin yamma na zango guda. Kai kuma mai biya wa ɗanka malami har gida, me zai ragu in ɗan maƙwabcinka ya zauna a gefen tabarmar? Kada mu ɗauka katangar gidanmu za ta raba 'ya'yanmu da yaran da muka bari a baya. Mun ga abin da daji ya yi da yaran da ba wanda ya koya wa komai, mun biya kuɗin fansa, mun bar gonaki, mun yi jana'iza. Hanya ɗaya 'ya'yanmu za su bi da su, kasuwa ɗaya za su ci.

Yau da La'asar, a leƙa unguwa a ga yaran da suka rataya jaka suka nufi lesin, a kuma ƙirga waɗanda suka tsaya a bakin hanya suna kallonsu. Waɗannan na biyun su ne suka fi yawa, kuma su ma an ce musu karatu kyauta ne.